Kafin saurayi ya zama maigida: wa ke koya ma ɗa namiji darajar mace?

Ranar 13 ga watan Mayu na kowace shekara, matan Nijar suna ɗaura atamfa iri ɗaya, su cika ɗakunan taro tun daga Yamai har Diffa, domin tunawa da jerin gwanon da aka yi a shekarar 1991, lokacin da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa da mutum 68, mace ɗaya tak a cikinsu. Haka kuma daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba ana shafe kwana 16 ana jawabai a kan cin zarafin mata. Duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan tarurruka ya san yadda suke: mata ke magana, mata ke saurare, sai ƴan manyan baƙi maza a jerin gaba, waɗanda galibi ke tashi da zarar an ƙare jawabin buɗewa. Mai hannun da ke kai mari ba ya cikin ɗakin. Wanda zai kai shi nan da shekara goma kuwa yana can bakin hanya bisa benci, yana fifita gawayi ƙarƙashin butar shayi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ƴan kai a ƙasar nan, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Yaran da aka ƙidaya a wancan lokaci su ne angwaye da masu neman aure na yanzu, ƙannensu kuma suna tafe. An daɗe ana koya ma ɗiya mace yadda za ta kiyaye kanta da yadda za ta yi haƙuri. Tambayar da ta rage ita ce wa ke zaunar da ɗa namiji ya nuna masa inda raini yake farawa da inda cuta take ƙarewa, tun kafin a damƙa masa ɗiyar wani.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babban binciken lafiyar iyali da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2012 ya yi ma maza da mata tambaya iri ɗaya: shin miji yana da hujjar dukan matarsa in ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba ta gaya masa ba, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa? Kimanin kashi 60 bisa 100 na mata suka amsa da i, a kan aƙalla ɗaya daga cikin dalilan nan biyar. A ɓangaren maza kuwa kimanin kashi 27 ne suka yarda. Binciken dai ya nuna kashi 76 bisa 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15.

Mai karatu yana iya mamakin yadda mata suka fi maza yarda da dukan da su ake yi ma. Dalilin yana cikin alƙaluman biyu na ƙarshe. Yarinyar da aka kai ɗaki tana da shekara 14, aka yi mata gargaɗi da cewa zaman aure ɗan haƙuri ne, ta yi yaji sau ɗaya aka maido ta tun kafin a zo biko, da wuya ta girma tana ganin mari a matsayin laifi. Ita ce kuma za ta goyi ɗa namiji, ita ce malamarsa ta farko. Ke nan darasin raini ba daga bakin uba kaɗai yake fitowa ba. Yana cikin rabon aikin gida, inda yarinya ke ɗaukar tulu da tsintsiya ɗan'uwanta yana filin ƙwallo. Yana cikin dariyar da ake yi ma yaron da ya shiga madafa, har a jefe shi da sunan ɗan daudu. Yana cikin izinin da ake ba ɗan shekara goma ya tsawata ma yayarsa don kawai shi namiji ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Laifin da aka sauya ma suna

Babbar wahalar wannan karatu ita ce kusan kowane nau'in cin zarafi yana da wani suna mai laushi da ake rufe shi da shi. Duka ya zama horo. Taɓa jikin ƴar talla a ƙofar kanti ya zama wasa. Auren dole ya zama biyayya ga iyaye. Hana mace kuɗin cefane don a hukunta ta, ko karɓe ribar sana'arta, ko hana ta zuwa awon ciki, duk sun zama ikon maigida. Malamin lakwal da ke saye ɗalibarsa da maki, ko shugaban biro da ke matsa ma sakatariyarsa, sai a ce neman aure yake yi. In kuma abin ya kai ga fyaɗe, tambayar farko da ake yi ita ce me ya kai ta wurin, da wane tufafi ta fita, alhali mai laifin yana yawonsa cikin gari. Zamani ya ƙaro nasa: saurayi ya riƙe hoton budurwa cikin salula, ranar da suka ɓata ya watsa shi ta WhatsApp, abokai su yi ta turawa suna cewa raha ce.

Yaro ba ya gudun abin da bai san sunansa ba. Shi ya sa matakin farko na wannan tarbiyya shi ne a maida ma kowane abu sunansa na gaskiya. Shari'ar Hadijatou Mani, ƴar yankin Ƙonni, ta isa misali. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jaka 240 ga wani attajiri a matsayin wahaya, wadda ake kira mace ta biyar. Shekara da shekaru maƙwabta suna ganinta tana aikin gida da na gona, ana dukanta, ba wanda ya ɗauki abin wani abu, domin al'ada ta riga ta raɗa masa suna. Da ta kai ƙara da taimakon ƙungiyar Timidria, kotun CEDEAO, wadda Nijar take ƙarƙashinta a lokacin, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa wannan bauta ce, kuma ta umurci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa saboda gazawar kare ta. Abin da aka yi mata bai sauya ba tsakanin 1996 da 2008. Sunansa ne ya fito fili.

Dokokin ƙasa ma sun riga sun ambaci sunaye da dama. Gyaran da aka yi ma kundin hukunta laifuka a watan Yunin 2003 ya sa bauta da kaciyar mata da matsa ma mutum don neman lalata cikin jerin laifuka. Kundin ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 a gidan kaso ga mai fyaɗe, da shekara 15 zuwa 30 in wadda aka yi ma ba ta kai shekara 13 ba. A watan Disamban 2017 kuma gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da ke cikin karatu, domin aure ko ciki kada su raba ta da aji. Sai dai samari nawa ne cikin tashar mota ko kasuwar gari suka taɓa jin waɗannan? An rubuta su da Faransanci, suna ajiye cikin biro. Da yawa ba su jin labarinsu sai ranar da suka tsaya gaban alƙali, lokacin da aikin gama ya riga ya gama.

Makarantar mazaje da abin da ta bari

Nijar ba baƙuwa ba ce wajen jawo maza cikin wannan magana, hasali ma wasu ƙasashe a nan suka zo koyo. A 2008, bayan wani bincike ya nuna cewa ikon miji yana cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita, hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da hukumomin lafiya suka buɗe makarantun mazaje 11 na gwaji a jahar Damagaram. Makarantar ba ta da allo, ba ta da shugaba. Mazaje ne da ba su wuce 12 ba, masu aure, waɗanda suka kai shekara 25, aka shaide su da halin kirki, matansu kuma suna zuwa awo. Suna haɗuwa lokaci zuwa lokaci su ɗauki matsala guda ta garinsu, misali naƙudar da ta daɗe a gida har ta jawo yoyon fitsari, su tattauna da ma'aikacin lafiya, sannan su bi majalisu da ƙofofin masallatai suna yi ma ƴan'uwansu maza bayani. Dabarar ta yaɗu zuwa sauran jahohi, ta kuma ƙetara zuwa wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Sirrin nasararta ɗaya ne: namiji ya fi jin magana daga bakin namiji ɗan'uwansa wanda yake ganin girmansa. Mutumin da zai toshe kunne in ungozoma ta yi masa faɗa, yakan saurara in maƙwabcinsa mai gona da shanu ya ce shi da kansa ya kai matarsa gidan haihuwa, kuma rawaninsa bai faɗi ba.

Amma makarantar tana karɓar mutum ne bayan ya yi aure, wato bayan hali ya riga ya zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan giɓi ne ya sa a ƙarƙashin shirin SWEDD, wanda Bankin Duniya ya ɗauki nauyinsa daga 2015 a ƙasashen Sahel har da Nijar, aka kafa ƙungiyoyin mazajen gobe, na samarin da ba su yi aure ba. Tunani ne mai kyau, sai dai duk abin da ya dogara ga kuɗin waje, ranar da kuɗin suka tsaya tabarma takan naɗe. Ana bukatar wurin da samari ke taruwa da kansu, ba da kuɗin zama ba, ba da motar ƙungiya ba. Wannan wuri kuwa yana nan a kowace unguwa.

Fada

A da can samartaka tana da tsari, da sarkin samari da dattawan da ke sa ido, har gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki tsarin ta gina Samariya a kansa. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso a farkon shekarun 1990 Samariya ta watse. Yajin aiki da shekarun karatu da suka lalace suka zubo matasa bisa titi, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsananta rashin aikin yi. Cikin wannan hali fada ta bunƙasa: samari tsara ɗaya su zaɓi gindin bango ko inuwar bedi, su raɗa ma wurin suna, su naɗa shugaba da ma'aji da mai dafa shayi. Fada tana da alherinta. Tana yashe lambatu kafin damina, tana gadin unguwa da dare, tana haɗa gudummawa in ɗayansu zai yi aure ko suna. A nan ne kuma, tsakanin shayi na fari da na uku, yaro ɗan shekara 16 yake jin yadda manyansa ke zancen mata, ya koyi wace ce ake yi ma fito in ta wuce, wane ne gwarzo, wane ne kuma mijin-ta-ce.

A Damagaram an ga inda abin yake kaiwa in aka bar shi ba mai kula. Daga cikin fadodin gari wasu suka rikiɗe suka zama abin da ake kira pale, gungun matasa masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa da unguwa, waɗanda aka sha zargi da tare ƴan mata. Aïcha Macky, ƴar garin, ta shiga unguwar Kara-Kara da na'urar ɗaukar hoto, ta fitar da fim mai suna Zinder a 2021. A ciki an ga wani tsohon jagoran pale da ya koma ɗan kabu-kabu yana faɗin abin da ya aikata ma mata da bakinsa, an kuma ga matan da tabon wuƙa yake jikinsu. Darasin fim ɗin ga mai neman gyara shi ne waɗannan matasa suna magana in aka zauna da su ba da sanda ba, kuma wanda ya tuba daga cikinsu ya fi kowane baƙo sanin ta inda za a shiga zuciyar ƙannensa.

Masu wannan aiki sun lura cewa wa'azi daga sama ba ya kama samari. Abin da ke kamawa shi ne a ajiye labari a tsakiyar tabarma a bar su su yi gardama. A ce ga saurayi ya yi shekara biyu yana yi ma budurwa hidima, ya saya mata salula da kayan salla, sai ta ce ba ta son shi: me take bin sa, me yake bin ta? A nan za a ji wasu suna cewa kuɗinsa sun saya masa iko, daga nan kuma zance ya buɗe a kan bambancin kyauta da ciniki. Sau da yawa akan tambayi saurayi ko zai yarda a yi ma ƙanwarsa abin da yake yi ma ƴar wani. Tambaya ce mai sa jiki sanyi, amma rabin hanya take kaiwa, domin ƴar aikin da ta zo daga ƙauye ba ta da wa a gari, kuma darajarta ba ta jiran sai ta zama ƙanwar wani.

Akwai kuma ilimin da ya kamata kowace fada ta riƙe kamar lambar wayar gida. Wadda aka yi ma fyaɗe a gaggauta kai ta likita kafin awa 72 su cika, domin cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin ciwon sida yake aiki, kuma a nan ake samun takardar likita da shari'a za ta nema. Daga nan sai komisariya ko jandarmeri. Fyaɗe babban laifi ne da ba a kashe shi da goro da ban haƙuri a zauren mai unguwa, kuma aurar da yarinya ga wanda ya ɓata ta don a rufe asiri ƙarin cuta ne bisa cuta. Abokin da ya gani ya yi shiru, ko ya tsare ƙofa, ko ya tura hoton, yana da nasa kason na alhaki.

Masu cewa abin Turawa ne

Ba a rasa masu ɗaga murya su ce duk wannan shiri ne na waje don a lalata tarbiyya. Wannan turjiya tana da tarihi: ita ta hana kundin dokar iyali fitowa a 1994, kuma a 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a kan haƙƙin matan Afirka. Ana iya saɓani a kan waɗancan takardu. Amma hana yaro raina mace ba ya bukatar takardar kowa. Ingantattun hadisai sun tabbatar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, yana taya iyalinsa aikin gida, kuma a huɗubar ban kwana ya yi wasiyya da kyautata ma mata. Da Khansa'u ƴar Khidam ta kawo ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, raba auren ya yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya soki malaman zamaninsa cikin littafinsa Nurul Albab saboda suna karantar da ɗalibai suna barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, ɗiyarsa Nana Asma'u kuma ta zama malamar da ta tsara karantar da matan karkara. Malamin zaure da limamin Juma'a suna da abin faɗi a nan fiye da kowace ƙungiya.

Wasu kuma suna cewa talauci ne tushen komi, a ba samari aiki sauran za su gyaru. Gaskiya ne saurayin da ya kai shekara 30 ba sana'a, ba halin sadaki, yana tafe da ƙunci a zuciya, kuma yaron da ya tashi da bulala a gida da makaranta yakan ɗauka da ita ake gyara kowa. Duk mai son ya koya ma samari tausayi dole ya saurari nasu kukan, kada ya shigo musu kamar mai tuhuma. Sai dai ana jin kukan mata daga gidajen bene kamar yadda ake jin sa daga bukkoki, kuma akwai matalauta bila adadin da ba su taɓa ɗaga ma matansu hannu ba. Talauci yana hura wutar, amma ba shi ya kunna ta ba.

Rabon ɗan kasuwa da ma'aikaci

Alhajin da ke da kanti a kasuwar Maraɗi ko ta Tawa yana da yara biyar ko goma a ƙarƙashinsa, suna wuni tare da shi fiye da yadda suke wuni da iyayensu. Ya koya musu lissafi da riƙon amana da sanin jabun kuɗi. Suna kuma kallon yadda yake magana da mai kawo fura, da abin da yake yi in ɗayansu ya ja mayafin ƴar talla. In ya yi dariya, darasi ya zauna. In ya ce duk wanda ya sake haka ya bar masa kanti, wannan ma darasi ne, kuma ya fi kwana 16 na jawabi tasiri. Yawancin fadodi suna da wani babba a unguwa da ke saya musu sukari da ganyen shayi, wanda ake jin maganarsa in ya zauna minti goma.

Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da nasa ajin. Ɗansa yana ganin ƙarfe nawa ƴar aikin gidan take kwanciya, ko ana biyan ta a kan lokaci, da muryar da ake kiran ta da ita. Yana ganin ko albashin uwarsa nata ne. Daraktan lakwal da ya sami labarin malami yana bin ɗaliba, ya zaɓi a sauya masa wurin aiki a asirce maimakon a kai maganar inda ta dace, ya koya ma dukan yaran ajin cewa mai iko ba ya laifi.

Kowane uba yana fatan ɗiyarsa ta faɗa hannun na kirki, yana bincike a kan asalin mai nema da sana'arsa kafin ya karɓi goro. Amma surukin da yake fata ba daga sama zai faɗo ba: a gidan wani ake renonsa yanzu, kamar yadda shi ma yake renon mijin ɗiyar wani a nasa gida. Wanda ya gyara nasa ya yi ma maƙwabcinsa aiki, yana kuma da bakin da zai nemi a yi masa. Allah ya shirya mana zuriya.